Ranar Da Fiddausi Ta Ɗaga Hannu

Fiddausi tana feraye dankali a bayan kicin, Sumayya ta zo ta ɗora mata littafi a cinya.

"Farfesa, ajiye wuƙar nan ki duba mini wannan. Tun safe nake fama da shi, kaina kamar ya tsage."

Fiddausi ta goge hannu a gefen zani ta ɗauka. Kemistiri ne, darasin da ake kira ridoks, inda wani sinadari ke sakin ilektaron wani ya karɓa, a ce wa ɗalibi ya daidaita hagu da dama. Sau biyu kemistiri yana kayar da Sumayya a jarrabawar gama sakandare, kuma duk a nan ƙafarta ke zamewa.

"Yaya Sumayya, kin cakuɗa su ne wuri guda. Raba su za ki yi gida biyu, ki bi kowanne shi kaɗai." Ta zaro fensir daga tsakiyar littafin. "Dubi wannan rabin. Manganis ɗaya a hagu, ɗaya a dama, babu rigima. Oksijin huɗu a hagu, dama babu, sai ki zuba ruwa huɗu a dama. Ruwan ya jawo haidurojin takwas, sai ki sa wa hagu takwas. Saura caji. Hagu bakwai, dama biyu. Ilektaron nawa za ki ƙara su zo daidai?"

"Ke dai rubuta."

"Biyar ne fa. In kin gane wannan, sauran duk hanya ɗaya ce."

"Wa ya ce miki lacca na zo ji? Rubuta, ƙarfe huɗu mai lesin zai zo."

Fiddausi ta rubuta. Kafin ruwan tukunya ya tafasa ta gama tambaya shida, ta miƙa littafin ta koma kan wuƙarta. Ba ta lura Hajiya Maimunatu na tsaye a bakin ƙofa ba. Hajiya ta dubi 'yarta Sumayya, ta dubi Fiddausi, ta sake duban 'yarta, kamar mai gwada atamfa biyu a kasuwa.

Hajiya yayar Isa ce, mahaifin Fiddausi. Tun da gobarar kasuwar Terminus ta Jos ta cinye shagonsa ta ɗauko yarinyar ta kawo ta gidanta na Rayfield. A watan Yuni Fiddausi ta gama aji shida, ita ce ta ɗaya a kemistiri, amma ba ta zauna jarrabawa da 'yan ajinsu ba. Hajiya ta ce a bari sai ta Nuwamba, wadda ake yi wa 'yan waje, su yi tare da Sumayya.

Saura mako uku a fara, Hajiya ta kira ta ɗaki bayan la'asar, ta ce ta turo ƙofa. Ta miƙa mata katin shiga jarrabawa guda ɗaya.

"Gwaggo, ai wannan na Yaya Sumayya ne. Ina nawa?"

"Shi ne naki."

Fiddausi ta juya katin, ko akwai wani a bayansa.

"Dubi hoton da kyau," in ji Hajiya. "In kika sa hijabi kika sauke shi zuwa gira, wa zai ce ba ke ba ce? Ni da na haife ta ma, daga nesa nakan kira ki da sunanta. Jini ɗaya ne."

"Gwaggo, sojan gona ke nan fa. A makaranta Malama Lai'atu ta ce mana duk wanda aka kama..."

"Malama Lai'atu ce ta riƙe ki shekara biyu? Sojan gona shi ne baren da ake ɗaukowa a titi. Ke 'yar gida ce. Abin da ke cikin kanki a ina kika same shi? A teburin gidan nan, da wutar gidan nan. Yau gida ya ce ki ara wa 'yar'uwarki na mako uku, shi ne laifi? Sumayya ta cika ashirin, sa'o'inta suna aji biyu a jami'a, ni ko biki ba na son zuwa saboda tambayar mutane. Ke sha bakwai, ina za ki da gaggawa? Baɗi naki ne. Na yi miki alkawari."

Fiddausi ta sunkuyar da kai.

"Kina da alwala?"

"Ina da ita."

Hajiya ta miƙe ta sauko da Alƙur'ani daga saman wardirob. "Ba don ban yarda da ke ba. Bakin yaro ne ba shi da linzami. Ɗora hannu ki ce ba za ki taɓa faɗa wa wani mahaluki ba."

Ta ɗora. Ta faɗa. Hannun nan ko da ta janye shi sai ta ji kamar ba nata ba.

Ranar Asabar ta roƙi a bar ta ta je gaida Baba. Ta same shi a Katako, a rumfar da yake aiki, yana ɗora wa masu turi katakon rufi, garin katako ya rufe masa gira. Ta gaishe shi ta zauna a kan wani gungume. Maganar na bakinta, rantsuwa ta danne ta. Shi ya sauƙaƙa mata.

"Yaya ta gaya mini," ya ce, idonsa a kan tef ɗin awo.

"To me ka ce, Baba?"

"Me zan ce, 'yar Baba? Yaya ce ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu. Rumfar nan da kika gan ni, mijinta ne ya yi magana aka ɗauke ni. Da wane baki zan ce mata a'a?"

"In aka kama ni fa?"

"Allah zai rufa asiri."

"Har a kan irin wannan?"

Injin yanka ya tashi a rumfar kusa, ya cinye abin da zai ce, in ma akwai. Da zai raka ta bakin titi ya saya mata rake, ya ce ta gaida Gwaggonta.

Hajiya ta yi mata huɗuba a mota ranar farko. Kada ta ɗaga kai, kada ta yi ƙawa, kada ta riga kowa fita. Fiddausi ta bi duka. Ta rubuta Ingilishi, ta rubuta lissafi, ta rubuta bayoloji, kullum da sunan Sumayya a saman takarda, babu wanda ya kalle ta sau biyu.

Ranar kemistiri ta zo kan tambaya ta uku, ridoks ne, irin mai kuromiyam da ƙarfe. Ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta raba shi gida biyu. Kuromiyam biyu, ruwa bakwai, haidurojin sha huɗu. Ta zo kan caji, sai lissafi ya ba ta ilektaron bakwai. Ta goge ta sake. Bakwai. Ita kuwa ta san shida ne, ta yi shi ya fi sau hamsin. Ta kanga takardar tambaya ga hasken taga, sai ta ga abin da ya faru. Ɗan ƙaramin biyun da ya kamata ya zauna a kafaɗar sinadarin bai fito ba, tawada ta tsallake shi.

Da ta yi shiru ta rubuta shida, da shi ke nan. Amma ta ga yarinyar da ke gefenta tana gogewa har takarda ta fara hujewa, ta ga wani a gaba ya dafe kai. Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba.

Babban mai sa ido ya taho. Wani dogo ne mai tabarau, Malam Livinus, haifaffen Jos, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ma malamin kemistiri ne. Ya sunkuya, ta nuna masa da bakin biro. Ya duba takardar na gefe, ya duba ta baya, duk haka. Ya je ya buɗe wani ƙunshin ya gwada, ya dawo ya tafa hannu, ya sa kowa ya gyara.

Sannan ya tsaya a kanta yana murmushi. "Mutum ɗari biyu a ɗakin nan, da ni kaina, ke kaɗai kika gani. Ya sunanki?"

"Sumayya."

"Sumayya. Ba zan manta ki ba."

Da ta koma gida ba ta faɗa wa kowa ba.

Sakamako ya fito da kyau, kemistiri ma har da yabo. Aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta. Sumayya ta sami gurbin karatun harhaɗa magunguna. Mata suka yi ta zuwa barka, Hajiya tana cewa, "Wallahi yarinyar nan ta sha wahala, karatu har sai da ta rame." Fiddausi ce ke kawo musu lemo.

A watan ne aka sallami Suzana mai aiki. Hajiya ta ce tun da Fiddausi na gida ba ta komai, babu dalilin ajiye bare. Wanki ya dawo kanta, da shara, da kasuwa, da girkin rana da na yamma. Teburin karatu aka kai ɗakin Sumayya. Littattafanta aka zuba a kwali aka sa a sito, wai suna tara ƙura a falo. Tana tsaron tukunya takan ɗauki gawayi ta warware tambaya ɗaya a kan siminti, ta goge da ƙafa in ta ji tafiya. Sanyin Jos da ruwan omo suka farfasa mata yatsu, har riƙon biro ya koma yi mata zafi.

Wata rana a Terminus, tana ciniki a wurin masu tumatir, ta yi kiciɓis da Malama Lai'atu.

"Fiddausi! Wace jami'ar? Kada ki ce mini ba likitanci ba."

"Ban samu na zauna ba, Malama. Ban ji daɗi ba ne lokacin."

Malama ta dubi kwandon da ke kanta, ta dubi yatsunta. "Bana fa?"

"In sha Allahu."

"Ki zauna, kin ji? Ƙwaƙwalwa ma tsatsa take yi."

Da lokacin sayen fom ya zo Hajiya ta ce ta manta. Mako ya zagayo ta ce maigidanta Alhaji ya yi tafiya. Sai da Isa ya zo da kansa sau biyu, ya zauna a ƙasa a falo yana murza hula, sannan aka yi mata rajista ana saura kwana biyu a rufe. Hajiya ta ce kada a kuskura a zaɓi wurin bara. Aka zaɓi wata makaranta can Bukuru.

Ranar da katin ya zo Fiddausi ta shige banɗaki da shi, ta karanta sunan sau uku. Fiddausi Isa. Hoton nata ne, ba sai ta sauke hijabi zuwa gira ba.

Takardu huɗu ta rubuta lafiya. Ranar kemistiri aka canza babban mai sa ido. Tana zaune tana jiran a raba takarda, ta ji murya a kanta.

"A'a! Sumayya! Mai gano kuskure! Me ya dawo da ke? Kada ki ce mini faɗuwa kika yi."

Malam Livinus ne. Yana dariya ya ɗauki katinta daga kan tebur. Dariyar ta tsaya. Ya dubi katin, ya dube ta, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Taso ki biyo ni."

Ya kai ta wani ƙaramin ofis ya rufe ƙofa.

"Kin ba ni kunya. Duk bara ina ba ɗalibaina labarinki. Ashe haya ake ɗaukar ki. Wace ce Fiddausi Isa? Tana ina?"

"Ni ce, Malam."

"Ke ce. To wace ce Sumayya?"

Ta kafa wa katin da ke hannunsa ido.

"Hoto ba ya ruɗa ni. Duk sojan gona hotonsa yake liƙawa a katin wani. Da bakinki kika ce mini Sumayya, ina tsaye a kanki. Ko dai bara kika yi ƙarya, ko yau. Wanne ne?"

"Wallahi Malam ni ce Fiddausi."

"To bara aka yi ƙarya ke nan. Wa kika yi wa? Sumayya wa? 'Yar wane gida?"

Hawaye suka zubo mata. "Ba zan iya faɗa ba. Na rantse."

Malam Livinus ya daɗe yana kallon ta. Ya ga yatsun. Ya ga silifas ɗin. Ya ja tsaki, ba da ita ba. Ya fita ya dawo da takardar tambaya da ta amsa, ya ajiye mata a teburinsa.

"Zauna nan ki rubuta, a gabana. Takardarki ba za ta shiga jaka yau ba, tana hannuna har gobe ƙarfe goma. Ki zo mini da babba, wanda bai rantse ba. In ya gaya mini gaskiya, cewa sa ki aka yi, ya faɗi sunan wadda aka yi wa, zan rubuta haka da hannuna, in sa takardarki cikin na kowa, ki ƙarasa sauran har a bincika. In ba haka ba, abin da idona ya gani zan rubuta. A soke miki duka, kuma shekara uku ba ki zama jarrabawa. Kin gane?"

Ta gyaɗa kai. Ta share ido ta ɗauki biro. Akwai ridoks a ciki, mai wuyar ma, wanda ake yi a ruwan alkali, wato kishiyar asid, sai an gama daidaitawa a dawo a kashe haidurojin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Malam Livinus ya karɓa ya duba shafin, ya girgiza kai, ya sa a aljihun tebur ya kulle.

Hajiya na jin labari ta ɗora hannu a ka. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Kin faɗi sunanmu?"

"Ban faɗa ba."

"Alhamdulillahi." Sai kuma ta juyo. "Ba na ce kada ki ɗaga kai ba? Wa ya aike ki gyaran takarda? Ke kika buga ta? Iyayi! Ga shi nan kin jawo mana."

Ta aika direba Katako ya ɗauko Isa. Ya iso kafin magariba da kayan aiki a jikinsa, ya zauna a bakin kafet. Fiddausi na tsaye jikin labule.

"Yaya, mutumin ya ce in an faɗi gaskiya zai taimaka."

"Zai taimaki wa? Ka san abin da gaskiyar nan za ta yi? A kori Sumayya daga jami'a, a buga sunanta a allo. Alhaji saura shekara biyu ya yi ritaya, a ce gidansa aka yi wannan. Ni ƙila har kotu. Shi kake so, Isa? Ka ga yayarka a gaban alƙali?"

"Allah ya kiyaye. Amma Yaya, yarinyar nan shekara biyu ke nan..."

"Shekara uku kwana nawa ne? Yau ne, gobe ne. Ita ba a san ta ba, babu abin da za ta rasa. Sumayya kuwa ta riga ta shiga. Wanda ke kan bishiya da wanda ke ƙasa, wa ya fi jin faɗuwa?"

"Gwaggo, kin yi mini alkawari," in ji Fiddausi.

"Na cika. Ban saya miki fom ba? Ke kika ɓata abinki da hannunki." Ta koma kan ƙanenta, ta sassauta murya. "Isa, ni ban taɓa roƙon ka komai ba. Ka je gobe, don kada a ce an gudu a biyo adireshi. In ya tambaye ka bara, ka ce 'yarka tana gida. Kalma biyu. Daga nan kada ka ƙara."

Isa bai ce to ba, bai ce a'a ba. Da zai fita Fiddausi ta bi shi har get.

"Baba, kai ba ka rantse ba."

"Na sani."

"Malamin ya ce ko suna kawai ka faɗa."

"Na ji, 'yar Baba. Allah ya kai mu goben."

Da safe Isa ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, da takardar haihuwarta a cikin leda. Ganin ledar nan ya sa zuciyarta ta ɗan kwanta. A motar Bukuru ta yi ta satar kallon sa. Leɓensa na motsi, ba ta sani ba ko addu'a yake ko bitar magana.

Malam Livinus ya ba shi kujera, ya karɓi takardar haihuwa ya karanta ya ajiye. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da takardar amsarta, ya shimfiɗa a tsakaninsu.

"Baba, ka ga wannan? Shekara sha tara ina koyarwa, ban ga yaron da ya yi irin ta ba. Ba na son in kashe ta. Takardar haihuwa ba ta da fuska, kai ne za ka gaya mini. Bara war haka, ranar kemistiri, 'yarka tana ina?"

Isa ya dubi takardar. Bai iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba, amma ya san rubutun, tun tana aji ɗaya take jan wutsiyar bakwai haka.

"Tana gida."

"Baba," in ji Fiddausi a hankali.

"Ka tabbata?" in ji Malam Livinus. "Ka yi tunani. Ba sauri nake ba."

"Tana gida, ranka ya daɗe."

Malam Livinus ya jingina da kujera. "To bari in gaya maka abin da ka ce, don kada ka ce ba ka gane ba. Wannan yarinyar da ke tsaye, na gan ta bara da idona, na yi magana da ita. In 'yarka tana gida a ranar, to wannan ba 'yarka ba ce. Haka zan rubuta. Ka yarda in rubuta haka?"

Agogon bango na ta tafiya. A waje ana kiran lambobin masu shiga fiziks. Fiddausi ba ta kalli malamin ba, mahaifinta take kallo. Ta ga gumi na bin bayan kunnensa duk da sanyin safiyar. Ta ga bakinsa ya buɗe. Ta ga ya rufe.

Malam Livinus ya jira har ya gaji. Ya jawo fom ya cike, ya haɗa da takardar amsar da katinta ya danna musu sitefula. Ya tura wa Isa biro. Isa ya sa hannu a inda aka nuna masa.

"Allah ya isar miki, yarinya," in ji Malam Livinus, bai ɗago ba. "Ko wace ce ke."

Suka fito. 'Yan fiziks na kan layi, kowa da katinsa a hannu. Ta wuce su.

Babu wanda ya daki Fiddausi a gidan nan, babu wanda ya hana ta abinci. In ka tambayi mutanen unguwa za su ce maka Hajiya Maimunatu mai zumunci ce, ta ɗauki 'yar ƙanenta ta riƙe kamar tata. Isa ma ba mugu ba ne. Kowa a Katako ya san shi da haƙuri da gudun rigima, irin mutumin da ake yabo. Da zumuncin da haƙurin aka taru aka yi wa yarinya abin da maƙiyi bai isa ya yi mata ba, don maƙiyi ba shi da hanyar sa ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Mu iyaye mun iya tsoron abin da bare zai yi wa 'ya'yanmu a hanya. Wanda za a yi musu a falo, muna zaune a bakin kafet, shi ne ba mu da bakin hanawa.

Suka sauka a Terminus. Kwandastoci na ta ihu, wannan na kiran Katako, wancan na kiran Rayfield. Isa ya tsaya a tsakani da ledarsa a hannu.

"Shekara uku ba wuya, 'yar Baba," ya ce. "In Allah ya kai mu, ni da kaina..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta taya shi ba.

"Baba, in biyo ka? Ko a tabarma zan kwana. Zan riƙa yi maka girki."

Ya kalli motar Katako. Ya kalli ƙasa.

"In kika bar gidan yau, za ta ce fushi muka yi. Kuma ta ce in gaya miki kada ki daɗe, ƙawayen Sumayya na jami'a za su zo cin abincin rana."

Ya kama hannunta ya tsallakar da ita titi, kamar lokacin da take ƙarama, ya sa ta a motar Rayfield. Ya leƙa ta taga ya ce wa kwandasta ya sauke ta daidai bakin get.